Gwaggo da Ruwan da Ba a Kashewa

A gidan Gwaggo da ke Ƙofar Marusa a Katsina na yi yawancin ƙuruciyata, kuma a can na koyi cewa ruwa sai ya yi aiki uku kafin a sallame shi. Wanda aka wanke shinkafa da shi, da shi za a ɗauraye kwanoni, daga nan a kai wa lemun tsamin da ke bayan ɗaki. Gwaggo yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu tun ina goye, ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Famfon tsakar gidanmu yakan yi wata guda bai ce uffan ba, sai dai a tsaya a ƙofar gida a tare 'yan ga-ruwa. Idan buta na yoyo a gidan maƙwabta, Gwaggo za ta jiyo ta ta katanga, ta aika a faɗa musu.

Ɗanta na fari, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba sai dai ta ce "wancan", aikin koyarwa ya kai shi tsaunin Mambila, can bakin iyakar Kamaru. A nan ya ga 'yar wani Bafulatani mai shanu, suka daidaita. Lokacin ni ma na yi aure har da 'ya'ya biyu, amma da aka sa ranar biki Gwaggo ta ce ni zan raka ta, domin ni kaɗai ce ba na amai a mota.

Kwana biyu muka yi a hanya. Da motar ta fara hawan dutse tana nishi, Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, ta ce idan mun iso ƙasa in taɓa ta. Na ce mata ai sama za mu, ba ƙasa ba. Ta ce to idan mun iso duk inda za mu.

An yi biki lafiya. Kashegari da hantsi baban amarya, wani dogon dattijo mai sanyin magana, ya ce ba za mu koma Katsina ba sai ya kai mu mun ga abin da suke nuna wa baƙi. Muka bi shi a ƙafa ta cikin ciyawa mai laima, muka gangara wani kwazazzabo da bishiyoyi suka rufe. Tun daga nesa muke jin ƙugi. Gwaggo ta ce, "Injin niƙa gare ku a dajin ga?"

Ya yi murmushi ya ce, "Sai kin gani, Hajiya."

Da muka karya kwana sai ga shi. Ruwa ne fari fat yake sakkowa daga ƙwanƙolin dutse, tsayinsa ya fi na duk wani bene da na sani a Katsina, yana dukan duwatsun ƙasa, feshinsa na tashi kamar hayaƙi har yana jiƙa mana zane. Ni dai salati na kama yi. Na juya in ga yadda Gwaggo ta ji, na tarar ta riƙe haɓa, fuskar nan a murtuke.

Ta ce, "Alhaji, tun yaushe aka kunna shi?"

Ya ce, "Ai haka muka tashi muka gan shi. Kakana ma haka ya gan shi."

"To ƙarfe nawa ake kashewa?"

"Ba a kashewa, Hajiya."

"Ko kuna barci?"

"Ko muna barci."

Gwaggo ta dube shi, ta dubi ruwan, ta dube ni kamar da haɗin bakina. Ta nemi sanin wa ke tara shi a ƙasa. Aka ce ba kowa, wucewa yake ya shiga rafi. Ta tambayi ko akwai mai wanki a ƙasan, ko mai rini, ko mai lambu. Baban amarya ya ce shanu dai kan sha idan sun ga dama. Ta ce, "Shanu nawa ne za su sha wanga?"

Daga nan ta gyara ɗaurin zane ta ce a kai ta inda yake fitowa. Na ce, "Gwaggo, ƙafarki fa." Ta ce ƙafar tata ce. Matar da ta rufe ido a mota ita ce ta shige gaba a wata 'yar siririyar hanya da ke bin gefen kwazazzabon, takalmi a hannu, ni da dattijon muna haki a baya. Mun fi awa muna hawa. Can sama muka wuce wani guntun ginshiƙin siminti, baban amarya ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, dakata, kin shiga Kamaru!" Ƙarar ruwa ba ta bari ta ji ba.

A ƙarƙashin wata rumfar kwano wani jandarma, ɗan sandan Kamaru, ke zaune yana gasa masara. Ya miƙe ya tare ta da Faransanci, da ya ga ba ta gane ba ya juya Fillanci. Baban amarya ya iso ya shiga tsakani yana fassara. Takardar shiga ƙasa ake nema. Gwaggo ta kwance bakin zane, ta zaro katin asibitinta na hawan jini ta miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana duba hoton, ya mayar mata da hannu biyu.

Ta ce, "Tambaye shi, ruwan ga nasu ne?"

Jandarma ya ce daga wajensu yake fitowa, amma da zarar ya faɗa ƙasa ya zama na Nijeriya.

"To ashe ku ke zubarwa, mu ke asara. Ina babbanku?"

Ya ce babbansu na can gari, tafiyar yini guda. Gwaggo ta ce to ya isar masa da saƙo: wata tsohuwa daga Katsina ta zo ta gani da idonta, kuma ba ta ji daɗi ba. Idan ba za su iya kashewa duka ba, su rage. Ban san yadda baban amarya ya fassara wannan ba, domin na ga maganarsa ta fi tata tsawo, amma jandarman ya ƙame, ya sara mata, ya ce za a duba. Ya kuma ba ta masara guda. Ta karɓa, ta ce masa ga shi ya bari ta ƙone ta gefe ɗaya.

Da muka dawo Katsina mata suka cika gida yi mana barka da hanya. Gwaggo ba ta ba da labarin amarya ba, ba ta ba da na lefe ba. Na nuna musu bidiyon ruwan a wayata, wata maƙwabciyarmu ta ce haɗi ne irin na 'yan fim. Gwaggo ta ce da ma haɗin ne da ta samu kwanciyar hankali.

Sai ta ɗauki wata al'ada. Kullum bayan la'asar za ta sa a kira mata amarya. Za a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi sanyi, a tambayi "wancan", a tambayi shanu, sannan ta sassauta murya: "Har yanzu shina zuba?"

"Yana zuba, Inna."

"Hm," sai ta ajiye wayar. Amarya yarinya ce mai kunya, ba ta iya yi wa surukarta ƙarya, don haka duk 'yan kwanaki sai ta taka har kwazazzabon ta duba. Daga baya mijin ya kira ni yana roƙo in yi wa Gwaggo magana, wai mutanen ƙauye sun fara cewa matarsa na da aljanu a wurin. Na gwada. Gwaggo ta ce ita ba ta aiki kowa ba, tambaya kawai take yi.

Ana nan har rani ya yi nisa. Wata la'asar ina gidan, muna tsince gyaɗa a faifai, aka kira amarya. Na jiyo muryarta da murna tana cewa, "Inna, albishirinki. Ya ragu sosai. Yanzu bai fi kaurin tabarya ba."

Na saki baki ina jiran Gwaggo ta ce saƙonta ya isa. Sai na ga ta ture faifan gefe.

"Ya ragu? Mi ya same shi?"

"Rani ne, Inna. Haka yake yi kowace shekara."

"Kuma kuna zaune kuna kallo? Babanki ya je ya gani?"

Ranar ba ta ƙarasa tsintar gyaɗar ba. Ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi, can ta ce da ni ita fa rage kaɗan ta ce, ba ta ce a kashe shi ba, kuma wannan jandarma tun da ta ga yadda yake gasa masara ta san ba ya da lissafi. Na ce mata damina na faɗuwa zai dawo. Ta ce ni me na sani a kai, sau ɗaya na taɓa ganinsa.

Washegari da safe ta aiko a kira ni. Na same ta ta sa an rubuta wasiƙa a takardar makaranta, zuwa ga babban jandarmomi, ta hannun baban amarya, cewa maganar da ta yi kwanakin baya ta janye, a mayar da shi yadda yake. Ta dangwala yatsa a ƙasa da shuɗin wanki. Ni na kai wasiƙar tasha na ba direban Jalingo, da ƙullin ƙuli-ƙuli na wanda zai hau da ita dutsen.