Daddawar Gwaggo da Motar Mai Sanduna

Ranar Lahadi ana kiran assalatu na rataya burgamina na fita daga gidanmu a unguwar Limawa ta Dutse, ko koko ban tsaya sha ba. Ni ne Habu baduku, lokacin ina saurayi, kuma niyyata Sudan. Amma maimakon in nufi Kano inda mota take jirana, sai na miƙi hanyar arewa. Bari in faɗi dalili, don duk abin da ya same ni daga nan ya taso.

Akwai wani Baturen hanya da yakan sauka a barikin Dutse, muna kiransa Mai Sanduna. Wasansa shi ne wanda suke kira golf. Na ji 'yan yanzu suna cewa ƙwallon lambu, ni dai ban ga lambu ba, sai rairayi da ƙaya, da babban mutum yana bin ɗan farin ƙwallo cikin rana yana neman jefa shi a rami. Ni nake naɗe masa mariƙin sandunan da jar fatar akuya, don gumi yana cinye ta.

Wata Juma'a na kai masa aiki, na tarar ya baza taswira a tebur. Ya ce hutunsa ya zo, kuma bana ba ta Ikko zai bi ba, da mota zai yi gabas. Ya riƙa ɗora yatsa yana faɗa mini: Yerwa, Fallomi, Fashir, Hartum. A Hartum zai yi wasa kwana huɗu, ya ga inda koguna biyu suke haɗuwa, sannan ya bi kogi zuwa Masar, inda ya ce akwai fili mai ciyawa kore shar kusa da kaburburan Fir'auna. Yana magana yana zaro alaben tabarsa, ni kuwa idona ya tsaya a kan ɗinkin. Ƙulli biyu ne a ƙarshe, na biyun a kwance. Mutum ɗaya na sani mai rufe ɗinki haka, shi ya koya mini, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi Makka da ƙafa ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Ranka ya daɗe, ina aka sayi wannan?"

"A kasuwar da ke ƙetaren Hartum, wajen wani Bahaushe. Me ya faru?"

"Hannun Babana ne."

Ya juya alaben ya dubi ɗinkin. Sannan ya ce yana bukatar mai gyaran fata a hanya, ga sanduna ga igiyoyin tanti. In same shi a Kano Litinin ta sama, ƙarfe shida na safe, don in ruwan sama ya sauka hanyar ta rufe. Kwana goma ke nan, na ga kamar wata guda aka ba ni.

To, a wurinmu mai tafiya gabas ba ya fita sai ya bi manyansa ya nemi gafara, don ba kowa ke dawowa ba. Inna ta yafe mini a tsakar gida da kalma biyu, ta ci gaba da tankaɗe. Saura ƙanwar Baba a Taura da wansa a Garki.

Taura, Litinin da Talata

Kwana biyu na yi a ƙafa. Na kwana a zauren wani mai unguwa, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka. Kogi ya ja baya, ruwa iya gwiwa, amma mai fito ya nace sai na shiga kwalekwale na ba shi kwabo, wai ƙasan akwai laka. Na isa Taura bayan la'asar.

Gwaggo ta ji labarin ƙulli biyu, ta zauna a kan turmi ta yi kuka har ta gode wa Allah. Da ta share ido abin da ta fara cewa shi ne, "Shekara goma sha ɗaya Yaya yana cin miya ba daddawata."

"Gwaggo, sai in saya a kasuwa in kai masa."

"Ta kasuwa? Kai dai ba ka da hankali. Yana sansanawa zai gane."

A ranar ta ɗora kalwa a wuta. Duk wanda ya san daddawa ya san ba a yi mata gaggawa: a dafa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana uku, sannan a kirɓa a shanya. Na lissafa da yatsu na ga Asabar. Aka ce mini jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da fara bin Taura ba, yana yin Kano ranar Lahadi. Na ce madalla, har da ragowar kwana.

Garki, Laraba zuwa Juma'a

Na tashi da asuba, na shiga Garki da azahar a bayan wasu masu jakuna. Baffa malami ne, kuma ba a katse shi. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, na ce gobe zan juya.

"Gobe Alhamis," in ji shi. "Ɗan ƙanena ba zai fuskanci gabas ba sai jama'a sun yi masa addu'a bayan Juma'a. Bature ne zai tsare ka a daji?"

Na ce a'a, Allah gafarta Malam.

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Wata tsohuwa ta kawo hula ta ce in ba ɗanta, mai tabo a gira, ya tafi tun shekarar yunwa. Wani manomi ya kawo ƙullin gero daga gonar gado, ya ce in nuna wa wansa ya ga ƙasar tana nan. Wata mata ba ta kawo komai ba, ta tsaya daga bayan zana ta ce in na ga mijinta in gaya masa cikin da ya bari namiji ne, har ya fara kiwo. Na yi ta cewa to, to, kamar Sudan ɗin unguwa ce guda. Wallahi a ranar na ji kaina wani babban mutum, kuma tausayinsu ya kama ni har na kasa shan furar da aka dama mini.

Taura zuwa Kano, Asabar zuwa Litinin

Na dawo Taura da yamma, daddawa ta yi, Gwaggo ta ɗaure ta tamau a ganye da tsumma. Na wuce tasha don in tabbatar da jirgin gobe. Mai tuta ya dube ni ya ce, "Wa ya ce maka Lahadi? Ya wuce ɗazu da hantsi. Wani sai Talata."

Ban koma na sallami Gwaggo ba. Na ɗora kaya a ka na bi gefen dogo. Na kwana a Ringim, na tashi tun kafin zakara, na yi ta tafiya ranar Lahadi ina tauna ƙuliƙuli, takalmina ya tsinke na tsaya na ɗinke shi da basillata. Ƙudaje kuwa sun yi mini rakiya ta girma saboda kayan Gwaggo. Ina tafe ina shirya abin da zan ce wa Baba. Na ce ba zan yi magana ba, zan zauna kusa da shi in ɗauki fata in rufe ɗinki da ƙulli biyu, in ga ko zai ɗago kai.

Na hango ganuwar Kano ranar Litinin rana ta karkata. Na nufi filin wasan Turawa, na sami wani dattijo yana jan buhu a kan rairayin bakin rami yana daidaita shi.

"Sannu Baba. Mai Sanduna fa?"

"Kai ne badukun? Ya tsaya nan da agogo a hannu har ƙarfe bakwai. Ban taɓa ganin ya ƙara wa kowa minti biyar ba."

"Ya bar saƙo?"

"Bai ce komai ba. Ya dai sa direba ya bar wuri a bayan mota, bai ɗora kaya a kai ba."

Na zauna a ƙasa a wurin. Dattijon bai kore ni ba, ya kewaye ni da buhunsa ya ci gaba da aiki.

Komawa gida

Kwana uku na yi ta Wudil da Gaya. Ban tuna abin da na ci ba. Ranar Alhamis da la'asar na hango duwatsun garinmu, kuma ban taɓa ƙin ganinsu ba sai ranar.

Na yi sallama, Inna ta amsa tana tsinke zogale. Ba ta tambaye ni komai ba, ta nuna mini jikin bango da haɓa. Sandar Mai Sanduna ce guda ɗaya a jingine, fatar mariƙinta ta warware.

"Ranar Litinin da azahar motar ta tsaya a bakin kasuwa," in ji ta. "Ya ce wataƙila ciwo ne ya kwantar da kai. Suka kwana a bariki, suka jira har hantsin Talata."

Hanyar gabas ta kusa da mu take bi. Na sani sarai, na ga yatsansa a kan taswira, amma ban taɓa kawo wa raina Bature zai ratse don baduku ba. Da na zauna a ɗakina ina jiran tuwo, da mota ta zo ta ɗauke ni har gida.

"Ya ce ka naɗe masa wannan kafin ya dawo. Ni kuma na ba direban saƙo."

"Me kika ce, Inna?"

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. "Na ce in ya ga mai ɗinkin nan, ya gaya masa ɗakinsa ba ya yoyo. Duk shekara ana sabunta masa jinka."

Ruwan farko ya sauka bayan kwana huɗu. Mai Sanduna bai dawo ƙasarmu ba, aka ce an mayar da shi wata ƙasa, direban ma ban sake ganinsa ba. Sandar na naɗe ta, tana nan rataye a rumfata. Bayan damina na bi gida gida a Garki na mayar da hula da gero. Matar nan ta bayan zana ce kawai ba ni da abin da zan mayar mata.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa duk wanda ya ba ni tabarma da ruwa a hanya, da Gwaggo da Baffa, Allah ya ji ƙansu, don ƙauna ce ta sa suka riƙe ni. Daddawar kuwa Inna ta kwance ta a ranar da na dawo, ta gutsura ta sa a miya. Muka yi ta cinta har kaka. Ba ta taɓa cewa ta yi daɗi ba, ni ma ban ce ba, amma kullum sai ta zuba tuwo a akushi uku, alhali mu biyu ne a gidan.