Baƙin da Dogo Ya Kira a Bayan Kwaja

Masu karatu, ku gyara zama, abin nan wallahi a gabana aka yi, kuma ni ban taɓa ƙarya ba sai in ta kama. Lokacin ƙuri'ar raba-gardama ne a Mubi, ina direba kuma tafinta, da Turancina na aji uku, wanda ni kaɗai nake ganewa sarai. Aka haɗa ni da wani Ba'amurke cikin baƙin da suka zo sa ido, muna ce masa Dogo.

Dogo na yawo da wani ƙaton kwanson dodon koɗi na teku, mai huji a gindi. Ya ce na kakan kakansa ne, matuƙin jirgin ruwa mai farautar kifin nan mai girman ɗaki. Wai jirginsu ya taɓa tsayawa a wani tsibiri a tekun Fasifik, mutanen wurin suka fito cikin kwalekwale, ba su taɓa ganin farar fata ba, suka yi ta shafa hannunsa ko farin zai goge, sannan babbansu ya miƙa masa kwanson. Shi kuwa ya ba su wuƙa, a zatonsa ciniki aka yi, ya ja jirgi. Sai daga baya wani ya gaya masa ai ƙahon kira ne, wanda aka ba ya zama ɗan gida, duk inda ya busa za su zo.

Na ce, "Maigida, sun taɓa zuwa?" Ya yi dariya, ya ce a gidansu ado ne, ba wanda ya taɓa busawa.

To, ran nan da rana tsaka muka isa wani ƙauye a bayan Kwaja, rani ya yi rani, rijiya ɗaya ce ta rage musu. Mutane sun ƙi taruwa, sai Dogo ya ɗauko kwanson ya busa. Kai! Ƙarar kamar sa na kuka cikin randa. Jama'a suka taru, muna cikin bayanin akwatin Najeriya da na Kamaru, sai iska ta kawo wani ƙarni irin na ɗanyen kifi, a kan dutse fa, inda mayo, wato rafin wurin, ya bushe ƙayau. Can sai ga mata daga rijiya suna salati, wai ruwa ya zama gishiri. Na kurɓa da kaina, na tofar.

Jauron ƙauyen, wato mai garin, wani tsoho ɗan ƙabilar Gude mai ido ɗaya, ba Dogo yake kallo ba, bayan Dogo yake kallo. Ya ce mini, da Hausarsa mai mayar da namiji mace, "Direba, tambaye ta, wa ta kira? Ga su a jiƙe, da zane-zane a fuska, suna jira."

Na juya, ban ga kowa ba, amma ƙasar wurin ta yi danshi. Na fassara wa Dogo, jan nan nasa ya koma fari.

Jauro ya ce, "A nan ba a kiran baƙo a bar shi tsaye. A ba su abinci, a raka su, in ba haka ba rijiya ta tafi ke nan."

Haka Dogo ya ɗauki ƙwaryar tuwon dawa da hannu biyu, muka bi Jauro har bakin mayo, yana tafe yana hira da iska kamar mai raka surukai. Dogo ya ajiye tuwon a kan yashi, ya ɗora kwanson kusa, ya cire hula. Kafin la'asar ruwan rijiya ya dawo garau, na sha har na ƙara.

Za mu tafi, Jauro ya leƙa bayan motata, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sun tafi. Ɗaya dai ta gaji, ta hau mota. Ba komai."

Ba komai, in ji shi! Dogo ya koma ƙasarsu lafiya lau. Ni kuwa tun daga ranar ba a sa wa miyata gishiri, in matata ta zuba daga tukunya ɗaya, ta yara lami, tawa daidai. Likita ya ce tsufa ne, na ce ranka ya daɗe, tun ina da haƙora.

Saboda haka, in baƙo ya miƙa muku abu, ku tambayi amfaninsa kafin ku zaro wuƙa. Kuma in za ku tashi mota, ku dubi kujerar baya.