Gadar da na yi wa ƙauyenmu alkawari da bakin wani

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana da na ƙauyenmu, domin abin da zan faɗa ya shafi mutanen da har gobe muna haɗuwa da su a wurin suna da wurin jana'iza.

Ni tela ne a Gummi, amma haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, can ƙetaren gulbi. A shekarun da nake magana jinina na tafasa, bakina kuma ya fi keken ɗinkina gudu. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sai dai rediyo ba ya mutuwa a shagona, bencin ƙofar shagon kuwa majalisa ce tun daga hantsi har magariba. Na san wane ne yaron wane, wa ya sauya sheƙa, wa ya ɓata da ubangidansa, wa ake shirin kayarwa a zaɓen fidda gwani. Idan gardama ta yi zafi ni ake kira in raba. Da haka mutane suka ɗauka na san siyasa, ni ma na ɗauki kaina haka. Idan na je gida da Sallah, dattawan da suka haife ni sukan tambaye ni ina aka dosa, ni kuwa in gyara zama in yi ta zuba.

Babbar damuwar ƙauyenmu ita ce gulbin nan. Da rani babur yana ratsa yashinsa ba wata wahala, amma da damina ta zauna sai kwalekwale, in ruwa ya yi ƙarfi ma masu kwalekwalen su ɗaure abinsu su koma gefe. Asibiti da babbar kasuwa duk suna wannan ƙetaren. Akwai wata hanya da ke zagayawa ta daji, amma tun da 'yan bindiga suka addabi yankin ba mai bin ta sai wanda ya gaji da ransa.

Ana gab da wani zaɓe sai yaran wani ɗan takarar majalisar jiha suka kawo mini ɗinkin riguna. Da suka ji irin surutuna suka kai ni wurinsa. Mutum ne mai fara'a, ya riƙe hannuna bai saki ba har muka gama magana. Ya ce ya san ƙauyenmu, ya san wahalar gulbin, kuma idan Allah ya ba shi kujerar nan ba za a yi damina biyu ba sai ya gina gada, ya kuma kawo sansanin sojoji a bakinta. Ban tambaye shi ta yaya ba. Tambayar ma ba ta zo mini a rai ba. Na rufe shago na hau babur na yi gida, na bi zaure zaure ina sayar da maganarsa kamar ni zan zuba simintin. Kawuna, yayan Inna, wanda ba a yanke shawara a ƙauyen sai da shi, ya ce mini shi tun yana saurayi yake jin zancen gadar nan, bai taɓa ganin ko dutse ɗaya an sauke ba. Na ce masa wannan daban ne, na ga idonsa, in bai cika ba a kama ni. A kan wannan kalmar kawu ya saki jiki, da ya saki kuwa gari ya bi. Inna ma, da ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta zuwa rumfar zaɓe, na goya ta a babur na kai ta. Tana dariya ta ce ita ba ta san mutumin ba, ni ta sani.

Ya ci zaɓe. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, lambar wayar da ya ba ni ta daina shiga. Da maganganu suka yi yawa sai muka yi tawaga, ni da kawu da wasu dattawa, muka same shi a gidansa na birni. Tun safe muke zaune a ƙofa sai bayan azahar aka shigar da mu. Ya gaishe mu da ladabi, ya saurare mu, sannan ya yi murmushi ya ce ai mun yi ɓatan kai, ɗan majalisa ba ya gina gada, shi aikinsa doka, gada ta ɓangaren zartarwa ce, sojoji kuwa na gwamnatin tarayya ne. Na tuna masa abin da ya faɗa mini hannuna cikin nasa, ya ce wataƙila ban fahimce shi ba ne. Ya tura mu ƙaramar hukuma. A can aka ce gada irin wannan ta fi ƙarfinsu, mu je ma'aikatar ayyuka ta jiha. A ma'aikata wani jami'i ya ce aikin ba ya cikin kasafin kuɗi, mu koma mu ga ɗan majalisarmu. Haka muka yi ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wanda ya yi mana ƙarya da wanda ya faɗi gaskiya a cikinsu ba. A mota muna komawa, da muka kusa gida sai kawu ya juyo ya ce, "To ɗana, ina gadar da kac ce muna?" Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daminar da ta biyo baya Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, sai numfashi ya riƙa yi mata wuya. Aka kira ni da safe cewa an ɗauko ta za a kawo ta asibiti, na tanadi mota na je bakin gulbi ina jira. Ruwa ya kwana yana zuba, gulbi ya cika ya batse. Ina hango su a wancan ƙetaren, an shimfiɗe ta a gindin wata bishiya, ƙanwata tana yi mata fifita da gefen zane. Na yi kira, na yi roƙo, masu kwalekwale suka ce ko uwar ɗaya daga cikinsu ce ba za su saka jirgi a ruwan nan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai wajen la'asar ruwa ya ɗan lafa aka ƙetaro da ita. Ba ta kai ƙofar asibiti ba. Na san ajali ba ya jiran gada, na yarda da ƙaddara, amma har yau in na tuna ina tsaye da mota a nan, tana kwance a can, ba abin da ya raba mu sai ruwan da na rantse za a yi masa gada, sai in ji abinci ya fita raina.

Bayan rasuwarta na daina zuwa gida sai dole, na kashe rediyo, duk wanda ya kawo zancen siyasa a shagona in ce duka ɓarayi ne. Wata rana wani malamin sakandare da nake yi wa ɗinki ya ji ina wannan faɗan, sai ya tambaye ni cikin natsuwa ko na san ainihin aikin da doka ta ɗora wa ɗan majalisar da nake zagi. Na ce masa ban sani ba. Ya ce yana koyar da manya da suke son sake zana jarrabawar sakandare, bayan la'asar, kuma darasin da yake ba su na sha'anin gwamnati ne. Na shiga, da farko don haushi. Turancina ya yi tsatsa, sai ya fassara mana da Hausa, na zauna aji ɗaya da waɗanda na girme wa nesa ba kusa ba. A nan na fara jin yadda aka raba aiki tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da kotu, da abin da yake na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Na ga yadda kasafin kuɗi yake bi ta gaban majalisa kafin a taɓa shi.

Ranar da muka kai kan aikin majalisa na dawo shago na kasa ɗinki. Ashe sau biyu mutumin nan ya yi wasa da hankalinmu. Da yana neman ƙuri'a ya yi alkawarin abin da kujerarsa ba ta da ikon yi ita kaɗai. Da muka je masa kuma ya nuna kamar ba shi da ikon komai, alhali yana iya miƙewa a zauren majalisa ya gabatar da ƙudiri a kan gulbinmu, yana iya dagewa a saka gadar cikin kasafi, yana iya neman a kira kwamishina ya yi bayani. Da na san wannan a ranar da muke zaune a falonsa, da na tambaye shi sau nawa ya ambaci sunan ƙauyenmu a majalisa. Jahilcina ne ya buɗe masa ƙofar fita, a gaban dattawan da suka dogara da ni.

Da wani zaɓen ya zagayo na ce wannan karon zan yi amfani da abin da na sani. Duk taron da ɗan takara ya zo sai in ɗaga hannu in tambaye shi ta wace hanya zai yi abin da ya faɗa, kuma ko aikin kujerar da yake nema ne. Nan take aka ce an saye ni. 'Yan wannan ɓangare suka ce ni ɗan wancan ne, 'yan wancan suka ce ni ɗan leƙen asiri ne, wasu suka kwashe ɗinkinsu daga shagona. A ƙauye kuwa wa zai saurari wanda ya taɓa kai su ya baro? Akwai ɗan takara ɗaya da ya faɗa musu gaskiya cewa shi ba zai iya gina gada ba, amma zai yi ta maganarta har a gaji da shi. Aka yi masa dariya. Wanda ya zo da ganga ya rantse da gada cikin shekara guda shi aka yi wa ruwan ƙuri'u. Kawu ne kaɗai ya kira ni gefe ya ce in sake yi masa bayanin kasafin nan a hankali, sai wasu samari da suke zuwa shago yanzu suna tambaya.

Abin da na koya shi ne sanin sunayen 'yan siyasa da rigingimunsu ba shi ne sanin gwamnati ba, na yi shekaru ina tauna ɓawo ina cewa na ci gyaɗa. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman masu baki irina da ake jin maganarsu a gida, kada ka ɗauki alkawarin kowa ka kai wa mutanenka sai ka san abin da kujerarsa za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Ba sai ka koma aji ba, ka nemi wanda ya sani ka tambaya, ba kunya ba ce. Ɗan takara in ya saɓa alkawari motarsa zai shiga ya tafi birni. Kai da ka ari bakinsa ka ci masa albasa, kai za ka zauna da mutanen, kai za ka riƙa haɗa ido da su har ƙarshen rayuwarka.