Kujerar Mai Jirgi

Shekara ashirin maigidana yana kamun kifi a gaɓar Shu'aiba, ni kuma ina soyawa ina sayarwa a gidanmu na unguwar Nakkasa, nan ƙasar Larabawa. Da kifi ya fara ƙaranci, hukuma ta kira masunta taro don a tsayar da inda za a hana kamu lokacin zuba ƙwai. Kwana uku yana maimaita mini abin da zai faɗa. Ni na goge masa farar jallabiyarsa.

A bakin ƙofa aka duba iƙamarsa, wato takardarsa ta zaman ƙasa. Direba aka rubuta ba masunci ba, jirgin da yake kamun kifin da shi kuma da sunan kafilinsa yake, Balaraben da ya tsaya masa. Shi aka ba kujera, mutumin da ko ƙarnin kifi ba ya so! Suka rufe wurin da ba komai, suka bar ainihin wurin ƙwan a buɗe.

Da ya dawo na ce, "Malam, kai sai ka ƙyale wurin mana."

Ya ce, "In na ƙyale, sauran za su ƙyale?"

Can ya koma. Satin nan duk kifin da na farke cike yake da ƙwai. Na soya, muka ci.