Taron da Ya Hana Mama Aiki

Ko na tsufa na manta sunayen 'ya'yana, ba zan manta taron dangin da aka yi a kan cikin mahaifiyata ba.

A wani babban asibiti a Abuja aka gano tana da kansar hanji, har ta yaɗu zuwa tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Likita ya zana mini komai a takarda. Za su buɗe cikin su yanke duk abin da ido ya gani, sannan su zuba maganin kansa mai ɗumi ya zagaya na sa'a ɗaya da wani abu, ya kashe ragowar. Ya ce ɗumin bai ma kai na ruwan wankan jego ba. Ya kuma ja kunnena cewa in ciwon ya mamaye ƙananan hanji, aikin ba zai yiwu ba.

To a gidanmu, can wajen Madakiya, ba a sa wa matar gida wuƙa sai dangin mijinta sun zauna. Babanmu ya rasu, don haka magana ta koma hannun yayansa, Baba Babba, mahaucin alade a Kafanchan, wanda bai taɓa shiga asibiti ba sai dubiya.

Ina ambatar magani mai zafi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yarinya, shekara talatin ina zuba ma alade ruwan zafi. Na san abin da yake yi ma nama. Matan ƙanena ba za a dafa shi da rai ba." Dattawa suka gyaɗa kai kamar sun ji wa'azi. Na miƙa takardar likita, ya riƙe ta a juye, ya ce a bari a gama haƙar citta, samari su dawo Kirsimeti, a sake zama. Mutumin da iliminsa ya tsaya a kan fige gashin alade, shi ya kayar da likita. Mama tana zaune a tabarma bayan rumbu, babu wanda ya juya ya tambaye ta. Har da ni, mai digiri.

Wata huɗu muka ci muna jiran citta da samari. Da dangi suka yarda muka koma asibiti, likita ya buɗe cikin, ya mayar ya ɗinke. Ciwon ya riga mu. Da ta farfaɗo, Mama ta kama hannuna ta ce, "Sun zuba maganin?" Na girgiza kai. Ta ce, "Da kun tambaye ni, da na ce a yi." A ranar na lura cewa takardar yarda da aikin wuri ɗaya ta bari na sa hannu, kuma nata ne.

Da Mama ta rasu, ranar biso, wato jana'izarta, Baba Babba ya yanka alade biyu, ya tsaya a gaban 'yan zumuntar mata na coci yana cewa iyali sun yi iya ƙoƙarinsu, nufin Ubangiji ne. Har yau ina raina shi, amma na fi jin haushin kaina. Abin da na koya shi ne, in ana shawara a kan jikin mutum, a fara tambayar mai jikin tun yana iya amsawa.