Harsashi Mai Jela da Shanun Orval

Duk wanda ya san Orval Tackett a tsufansa, zaune bayan kanta da tabarau a kan hanci, ba zai yarda shi ne ya taɓa karya wa wani ƙato muƙamuƙi a wajen rawa ba. Amma shi ne. A ƙuruciya hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma Lavonne ba ta yarda ta aure shi ba sai da ya rantse mata ba zai ƙara ɗaga wa ɗan Adam hannu ba. Ya riƙe rantsuwar nan shekara da shekaru, ba don zuciyar ta mutu ba, sai don yana jin nauyin matarsa. Kowa a garin ya san zuciyar tana nan kwance, ana dai addu'ar kada a tashe ta.

Shagonsa na bakin titi a wani ɗan gari na arewacin Texas, inda iska ba ta hutu ko ranar Lahadi. Yana sayar da abincin dabbobi da waya mai ƙaya da harsasai. Shanunsa jajaye, jikokin waɗanda mahaifinsa ya bari, suna makiyayar da ta haɗa iyaka da filin ƙanensa Dwain.

Shi Dwain ya haura hamsin amma hankalinsa bai biyo shi ba. Duk Asabar in rana ta faɗi sai ya tara abokai da giya, su jera tsofaffin ganguna su yi ta ɓarin wuta. Abin da ya fi so shi ne harsashi mai jela, wanda ake shafa wa jan fenti a baki. In an harba shi sai ya ja layin wuta cikin duhu, kuma inda ya faɗi yana nan yana ci.

A wata shekara da aka yi fari ya shigo shago yana fito.

"Yaya, miƙo min kwali biyu na masu jela."

"A wannan farin? Ka ga ciyawar nan kuwa? Ko harara ka yi mata sai ta kama."

"To doka ta hana saye ne?"

"Ba ta hana saye ba. Amma hukuma ta hana tada wuta a fili har ruwa ya sauka, kai ma ka sani."

"Ai ni saye na zo yi. Ko an naɗa ka alƙali ne ban ji ba? Ajiyewa zan yi, Yaya, na rantse da kabarin Baba."

Orval mutum ne mai bin doka daidai inda ta tsaya, ba ya ƙara mata ko taku ɗaya. Doka ta ce a sayar, ya sayar. Nan wautarsa take, don ya fi kowa sanin abin da rantsuwar Dwain ke aunawa.

Asabar ta zo da iska mai tuge hula. Harsashi ɗaya ya daki gefen ganga ya karkace, ya faɗa cikin ciyawa. Kafin mutanen su ajiye kwalabensu wuta ta fi mota gudu. Dwain ya bi ta da jiƙaƙƙen buhu yana duka yana ihu har fatar tafin hannunsa ta saɓule, amma wutar ta tsallake iyaka ta shiga makiyayar yayansa. Shanun suka ruga, waya mai ƙaya ta tare su, wayar da Orval ya ɗaura da hannunsa. Nan suka hau kan juna, nan wutar ta same su.

Da gari ya waye maƙwabta suka fara isowa da bindigogi, ba wanda ya kira su. Haka ake yi a can: ba a barin mutum ya harbe shanunsa da kansa. Waɗanda suka mutu sun huta. Sauran na tsaye baƙi ƙirin, idanu sun tsiyaye, hantsa ta fashe, kofato na zarewa in sun taka. Ƙaurin gashi da nama ya cika maƙoshi. Wani tsohon maƙwabci mai suna Harlan ya ce, "Orval, koma mota, mu za mu yi." Orval ya fizge bindigarsa ya ce, "Ni na karɓi haihuwarsu." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kira suna, ya harba a goshi, jini na fantsamo masa a wando. Yana kuka bai sani ba.

Wajen tsakar rana harsasai suka ƙare wa kowa, ga hanyar gari a rufe saboda turakun lantarki da suka faɗi. Saura saniya ɗaya, Birdie, wadda Lavonne ta shayar da kwalba tun tana maraƙa. Tana can nesa kaɗan tana zagaye ba ido, tana wani kuka da ba na saniya ba.

A daidai lokacin motar Dwain ta tsaya. Ya fito hannuwa naɗe da tsumma.

"Yaya, wallahi guda ɗaya ce ta..."

Bai ƙarasa ba. Orval ya kai masa naushi a baki, haƙora biyu suka zubo cikin toka. Ya ɗago shi da kwala ya ƙara masa a hanci, ya sa takalmi ya taka masa ƙonannen hannun har Dwain ya yi ƙara irin ta ɗan akuya. Rantsuwar da aka yi wa Lavonne ta karye a gaban idonta, tana tsaye jikin mota, ba wanda ya iya shiga tsakani.

Orval ya wuce motar ƙanensa ya buɗe. Ga kwalin nan a kan kujera, rabi ya rage, jajayen baki suna ƙyalli. Ya ɗura ɗaya a bindiga ya juyo. Dwain na durƙushe jini na zuba, saniyar na can bayansa, bakin bindiga kuma ya tsaya a ƙirjin Dwain. Harlan ya cire hularsa. Duk wanda ke wurin ya tabbata za a kashe mutum.

"Harba, Yaya," in ji Dwain. "Na fi so haka."

Lavonne ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Orval, Birdie tana jiranka."

Orval ya ɗaga bakin bindigar kamar taƙi ɗaya ya danna. Sama ta yi duhu da hayaƙi, don haka kowa ya ga jan layin ya wuce ta saman kafaɗar Dwain ya shige kan saniyar. Ta durƙusa, kukan ya ɗauke.

Orval ya taka har inda ta faɗi, yana duba ƙasa yana murza toka da takalmi, yadda ake yi bayan an harba mai jela, ko tartsatsi ya faɗi wani wuri. Ya daɗe yana dubawa kafin ya tuna babu sauran abin da zai kama.

Dwain ya rayu, yana nan a filinsa, hannu ɗaya ba ya dunƙuluwa. In ya shigo shago, Lavonne ce ke sallamarsa. Har Orval ya mutu bai sake taɓa shi ba, bai kuma sake kiran sunansa ba.