Ɗalibai Dubu da Tara

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da Firinsifal ya aiko a kira ni daga aji ba. Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Dutse Uku, ana shirin bikin cikar makarantar shekara ashirin. An yi hayar ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, Firinsifal kuma, wanda muke kira Oga, yana son ɗalibai su jeru layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa.

Na tarar da malamin wasanni a fili, gumi ya jiƙe masa riga. Ya gwada layi goma, ya gwada sha biyu, kullum sai an sami ragowa, Oga na tsaye yana kallo.

"Su nawa ne?" na tambaya.

"Dubu ɗaya da tara."

Na tsuguna na yi ta rabawa a ƙasa da tsinke, sannan na miƙe na ce, "Oga, wannan lamba ba ta rabuwa. Akwai irinta a lissafi, ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Ko dai a yi layi guda daga nan har Laranto, ko kowa ya zama layin kansa."

"Malam Sabo, ba lacca na kira ka ba. Mafita nake so."

Na ce dubu da takwas kam mai sauƙin kai ce, layi ashirin da takwas, kowanne mutum talatin da shida.

"To a cire ɗaya," in ji shi.

Malamin wasanni bai yi dogon tunani ba. Ya nuna Hajara, 'yar aji biyu, wadda ke jan ƙafar hagu tun tana ƙarama, wai dama tana ɓata musu taku. Babanta tela ne a unguwar Ali Kazaure, sabon yunifom ya ɗinka mata musamman don hoton. Ta fita, ta zauna a gindin mangwaro tana gyara hijabinta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ana fara jerawa sai Ngozi, wadda suke benci ɗaya da Hajara, ta fito daga layi.

"Malam, in Hajara ba ta ciki, ni ma ba na ciki."

Wata ta bi ta, wani ya bi. Kafin Oga ya gama daka tsawa, mutum goma sha biyu na zaune a gindin mangwaro. Ya juyo gare ni.

"Saura nawa?"

"Ɗari tara da casa'in da bakwai."

"Tana rabuwa?"

Na sake tsugunawa, na ɗauki lokacina. "Oga, ita ma ba ta rabuwa."

Ya cire hula, ya share kai, ya mayar. "Kowa ya koma. Su tsaya yadda suka ga dama."

Hoton yana ofishin Firinsifal har yanzu. Layin farko ya fi sauran da mutum ɗaya, baƙi kuma ba su taɓa lura ba.

Ku da kuka fara aikin koyarwa kwanan nan, a allo mukan rubuta "saura ɗaya" mu goge mu wuce. Ranar na gane cewa a makaranta wannan ɗayan yana da suna, kuma babansa na gida yana jiran ganin hoto.